Wa Ya Ɗaga Yatsan? Ƙwaƙwalwa, Ƙaddara da Alhakin Ɗan Adam

A shekarar 1983 Benjamin Libet, masanin jijiyoyi a Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco, ya wallafa sakamakon wani gwaji da har yau ake kai ruwa rana a kansa. Ya zaunar da mutane gaban wani agogo na musamman, wanda ɗigon haske ke zagaye fuskarsa cikin kusan sakan biyu da rabi, ya manna musu wayoyi a fatar kai masu auna lantarkin ƙwaƙwalwa. Aikin da ya ba su ba wuya: duk sanda ransu ya so su lanƙwasa yatsa ko wuyan hannu, sannan su faɗi inda ɗigon yake a lokacin da suka ji niyyar ta zo musu. Sai ya ga ƙwaƙwalwa ta fara shiri kusan rabin sakan kafin motsin, alhali mai ita bai ji niyyar ba sai saura kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Wato kafin mutum ya san yana so, an riga an soma.

Nan da nan wasu suka ce an yi wa 'yancin zaɓi jana'iza. A 2008 ƙungiyar John-Dylan Haynes a Jamus ta ƙara musu ƙarfin gwiwa, da ta yi amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ta hango ko maɓallin dama mutum zai danna ko na hagu, sakanni bakwai zuwa goma kafin ya danna. Abin da masu yayata labarin ba su cika faɗa ba shi ne hasashen yana dacewa ne kusan sau 60 cikin 100, wanda bai fi canki-canka da nisa ba.

Babbar matsalar ma ba a lissafin take ba, a irin zaɓin da aka auna take. Ɗaga yatsa ba dalili, ba riba ba asara, ba ya kama da abin da ke hana mutum barci: ya bar aikin gwamnati ya koma kasuwa, ko ya yafe wa wanda ya cuce shi. A 2012 Aaron Schurger da abokan aikinsa a Faransa suka kawo hujjar cewa siginar da Libet ya ɗauka a matsayin yanke shawara tana iya zama hawa da saukar da lantarkin ƙwaƙwalwa ke yi a kullum, wanda idan ya tsallake wani mizani sai motsi ya biyo baya. A 2019 kuma Uri Maoz ya sa mutane su zaɓi wadda za a ba gudummawar dala 1,000 tsakanin ƙungiyoyin agaji biyu. Da zaɓin ya zama mai nauyi, siginar ta kusa ɓacewa. Shi kansa Libet bai taɓa yarda cewa gwajinsa ya kashe zaɓi ba. Ya riƙe cewa mutum na da ikon taka wa niyyar birki kafin ta zama aiki.

Ga mai karatun tauhidi, wannan gardama tsohuwar zuma ce. Tun ƙarni na farko da na biyu bayan hijira, Ma'abad al-Juhani a Basra ya karkata ga cewa bawa ne ke samar da aikinsa, Jahmu bin Safwan kuma ya ce bawa ba shi da wani iko na haƙiƙa, tilasta shi ake yi. Mu'utazilawa suka tsaya kan cewa adalcin Allah na buƙatar mutum ya zama mai cikakken zaɓi. Abul Hasan al-Ash'ari, wanda ya rasu wajen shekara ta 324 bayan hijira, kuma tafarkinsa ya daɗe da kafuwa a zaurukan karatun ƙasar Hausa, ya bi ta tsakiya: Allah ne ke halittar aiki, bawa kuma yana da kasabi, wato ɗaukar aikin ya zama nasa, kuma a kan wannan kasabin ake masa hisabi. Masu suka sun daɗe suna cewa bayanin kasabi na da wuyar kamawa, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma a aikace magabata ba su rikice ba. Lokacin annobar Amwas, Halifa Umar ya juya daga hanyar Sham, da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ita ma cikin ƙaddarar take.

Wannan ya sha bamban da yadda ake jan ƙaddara a tasha da bakin titi. Direba ya san birkinsa ya mutu, ya lafta wa mota kaya da fasinja har saman but, in ta kife a ce haka Allah Ya so, kowa ya watse. Wanda ya fake da ƙwaƙwalwa da wanda ya fake da ƙaddara, dukansu tambayar alhaki suke gudu.

Kotu ba ta taɓa jiran masana falsafa su gama ba. A 1843 Daniel M'Naghten ya harbe Edward Drummond, sakataren firaministan Birtaniya Robert Peel, aka kuma sallame shi daga hukuncin kisa saboda taɓin hankali. Daga wannan shari'a aka fitar da ƙa'idar da ta bazu a ƙasashe renon Ingila: shin mai laifin ya san abin da yake yi, ya kuma san ba daidai ba ne? Sashe na 51 na kundin Penal Code na arewacin Nijeriya a kan wannan turba yake. Fiƙihu ya riga su da ƙarnoni, domin ya ɗauke taklifi, wato nauyin bin dokokin shari'a, daga yaro da mahaukaci da mai barci, ya kuma sassauta wa wanda aka tilasta. Babu ɗayansu da ke neman a tabbatar cewa niyyar mutum ta faɗo ne daga sama ba tare da sanadi ba. Abin da suke nema shi ne ko yana iya fahimtar dalili, ya auna, ya kame kansa.

A nan ne kimiyya ke da aikin yi, kuma babban aiki ne. Likitoci biyu a Jami'ar Virginia sun ba da rahoto a 2003 kan wani malamin makaranta ɗan shekara 40 da kwatsam ya fara wata mummunar ɗabi'a ta lalata da ba a san shi da ita ba, har kotu ta same shi da laifi. Ana gobe za a yanke masa hukunci ciwon kai ya kai shi asibiti, aka gano ƙari a gaban ƙwaƙwalwarsa, a sashen da ke taimaka wa mutum kame kansa. Da aka cire, halin ya tafi. Bayan watanni halin ya dawo, da aka duba sai ga ƙarin ya sake tsirowa.

Robert Sapolsky na Jami'ar Stanford, a littafinsa Determined na 2023, ya ɗauki irin wannan a matsayin hujjar cewa kowa haka yake, sai dai ba a gano nasa ƙarin ba tukuna, don haka a daina zargi da yabo gaba ɗaya. Hujjar ta yi tsalle da yawa. Labarin malamin yana da ma'ana ne domin akwai bambancin da ake iya aunawa tsakanin mutumin kafin tiyata da bayanta: ɗaya ya san abin ba daidai ba ne amma ya kasa tsayawa, ɗayan yana iya tsayawa. Alƙalin da aka kawo wa irin wannan mutum yana buƙatar rahoton likita kafin ya buɗe kundin hukunci, kuma a kotunan da ba su da likitan ƙwaƙwalwa kusa, mai irin wannan ƙari gidan yari zai tafi ba tare da kowa ya duba kansa ba.