Daga Fagen Daga zuwa Teburin Wasa: Waiwaye kan Ƙarfin Bakin Maroƙi

Maroƙi ba ya riƙe mashi, ba ya riƙe hauya, ba ya ɗaura walki ya shiga fili. Duk da haka, da wuya ka ji labarin yaƙi ko gayya ko kokowa a ƙasar Damargu da Damagaram wanda babu shi a ciki. Makamansa ƙanana ne: take, kirari, zambo da habaici. Da su yake tsuma rago har ya yi abin maza, da su kuma yake sanyaya gwiwar jarumi. Tafiyar waɗannan makamai cikin shekaru 170 da suka wuce abin a waiwaya ne, musamman yanzu da masu wani wasa a ƙasashen Turai da Amurka ke zaune suna ƙirƙirar irinsu a takarda.

A watan Janairun 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ratsa Damargu tare da ayarin Abzinawa, ya tarar da ƙasar ita ce rumbun geron da ke ciyar da Abzin. A kudu kuwa, Damagaram na shirin kaiwa ƙololuwar ƙarfinta a hannun Sarki Tanimun, wanda ya kewaye birni da ganuwa, ya tara bindigogi da igwa, ya yi mulki har zuwa 1884. A irin wannan fada, kakaki da algaita da tambura kayan mulki ne. Idan za a fita daga, makaɗi zai kira barde da sunansa, ya ambaci ubansa da kakansa da wuraren da suka yi artabu, a gaban jama'a. Wanda aka yi wa haka ba shi da sauran hanyar juyawa da baya. Sarkin da Faransawa suka ci da yaƙi a 1899, Amadu, har gobe da kirarinsa aka fi saninsa: Kuran Daga.

Da Nasara ya kafa mulki, aka rataye garkuwa, sai gona ta zama babban fagen makaɗi. A ƙauyukan Falanko da na kewayen Tanut da Balbeji, ranar gayya samari kan jeru a bakin gona da hauyar tsaye mai doguwar ƙota, mai gangar noma yana bin bayansu. Kowane saurayi yana da takensa. Da ya ji an kaɗa nasa, sai ka ga kafaɗarsa ta motsa, ya sunkuyar da kai, ƙura ta tashi, ya bar na kusa da shi a baya. Wanda ya laɓe a inuwar aduwa kuwa, habaici zai same shi a can: ba a kama suna ba, amma ƴan matan da suka kawo fura duk sun gane, dariyarsu kaɗai ta isa ta mayar da shi bakin aiki.

Zambo shi ne kaifin da aka fi tsoro. Attajirin da ya yi rowa a wurin biki ya san kafin kasuwa ta sake ci an rera shi a garuruwa uku. Shi ya sa ake cewa a ji tsoron bakin maroƙi. Sai dai wannan ƙarfi yana da sharaɗi guda: sanin asali. Maroƙin da bai san gidan da ka fito ba, bai san abin alfaharinka da abin kunyarka ba, ba zai iya tsuma ka ba, ba zai iya ƙona ka ba. Yaro kan yi shekaru a cikin ƴan amshi yana haddace wannan ilmi kafin a bar shi ya ja baƙi.

Rediyon Nijar ya fara aiki a 1958, kaset ya biyo baya, muryar Mamman Shata da ta Ɗan Anace suka tsallako iyaka suka shiga kowace rumfar mai shayi. A 1975 aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya zama sarki, kirarin ƴan kokowa ya koma abin da ƙasa duka ke saurare. Filin kokowar Zandar ma sunan ɗan kokowa Langa-Langa yake ɗauke da shi. Amma a daidai wannan zamani farin 1973 da na 1984 suka girgiza Damargu, samari suka riƙa tafiya cin rani Kano da Agadas da Libiya, ƙwadago ya fara maye gurbin gayya. Waƙa ta sami masu sauraro da yawa, makaɗin ƙauye da ya san kowa da kakansa ya fara rasa magaji.

A can Amurka kuwa, a 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons. Mutane ne ke zama a teburi, ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, ana jefa ƙwayar lido mai fuska 20 don a san wanda ya dace. Tatsuniya ce da lissafi, babu tsafi a ciki. A 1976 Doug Schwegman ya ƙara wa wasan mawaƙi, yana koyi da maroƙan tsoffin ƙabilun Turai. A 1982 Gygax ya kawo ƙananan asirai na ƴan koyo, irin su sa mutum atishawa ko kwance igiya. A bugun 2014 mawaƙi yana da damar yin irin waɗannan ko sau nawa yake so. Wanda ya fi shahara a cikinsu zagi ne mai dafi: idan abokin gaba ya kasa jurewa, ya ji ciwo kaɗan, bugunsa na gaba kuma ya yi rauni. Akwai kuma baiwar da mawaƙi ke zuga abokinsa da ita, a ƙara masa ƙwaya mai fuska 6. Bahaushe na jin wannan zai gane zambo da kirari, ko da yake masu wasan ta wata hanya daban suka iso gare su.

Al'adar wasan ta yarda kowane rukuni ya ƙirƙiri nasa asiran na gida. A nan ne muke da abin da littattafansu ba su da shi, domin zagin da ke cikin littafi yana kama kowa, ko baƙon da ba a san sunansa ba. Wanda zai tsara mawaƙi irin namu ya mayar da sharaɗin: kirari ba zai ci ba sai mawaƙi ya binciko asalin wanda zai yi wa. Take ya farkar da abokin da tsoro ya kama, matuƙar an taɓa kaɗa masa shi. Habaici ya isa kunnen mutum ɗaya a cikin taro. Zambon da aka gina kan ƙarya ya koma kan mai shi, kamar yadda yake a gaske.

Wannan ilmi yana nan a kan tsofaffin makaɗan Damargu, kuma ba a rubuta mafi yawansa ba. Matasanmu masu sha'awar wasa da ƙirƙira, ku ɗauki wayoyinku ku je gare su, ku nemi izini, ku naɗi taken gidajenku da tarihin da ke bayansa, ku ba da tukuici yadda aka saba. Ku yi haka tun suna raye.