Masara Ta Tafi, Ta Bar Toka a Gida

Asalin masara daga ƙasar Meksiko ne. Mutanen can sun yi shekaru dubbai suna nomanta, ita ce abincinsu safe da yamma. Amma ba su niƙa ta haka kawai. Matansu sukan dafa ƙwayar cikin ruwan toka ko ruwan farar ƙasa, su bar ta ta kwana a jiƙe, da safe su wanke, su markaɗa, su gasa waina mai faɗi, a ci da wake. Wanda ya taɓa ganin uwarsa tana tace ruwan toka domin miya ba zai yi mamakin wannan ba.

Bayan tafiyar Kolumbus a 1492, Turawa suka kwashi irin masara zuwa Turai, daga baya ta iso Afirka. Sun ɗauki iri, amma ba su kula da abin da matan nan suke yi a bakin murhu ba. Masara tana da albarka, ga araha, sai ta zama abincin talakawa a arewacin Sifen da Italiya. To, sai ga wata baƙuwar cuta. Fata takan yi baƙi ta tsattsage duk inda rana take bugu, gudawa ta biyo, daga nan hankali ya gushe, ƙarshe mutuwa. Wani likitan Sifen, Gaspar Casal, ya kwatanta ta a 1735. Italiyawa suka sa mata suna pelagra, wato fata mai kaushi.

A kudancin Amurka cutar ta kashe mutum wajen 100,000 tsakanin 1906 da 1940. Likitoci da yawa sun ce ƙwayar cuta ce, ɗaukarta ake yi. A 1914 gwamnati ta aiki Dokta Joseph Goldberger ya bincika. Ya lura marayu da fursunoni suna kamuwa, amma masu lura da su lafiya lau. Ya sa aka ƙara wa marayu madara da nama da ƙwai, cutar ta ɓace. Duk da haka aka ƙi yarda. Sai a 1916 shi da matarsa da abokan aikinsa suka yarda aka yi musu allura da jinin masu cutar, ba wanda ya kamu. A ganina abin da ya sa manya suka toshe kunne shi ne, in an yarda abinci ne, an yarda talauci ne ke nan.

Goldberger ya rasu a 1929 bai ga ƙarshen zancen ba. A 1937 Conrad Elvehjem ya gano abin da jiki ya rasa, wani sinadari mai suna niyasin. Akwai shi cikin masara, amma a ɗaure yake, hanji ba ya iya jansa. Ruwan toka ne yake kwance shi. Matan Meksiko ba su san sunansa ba, amma 'ya'yansu sun tsira.

Kada mai karatu ya ce labarin dā ne. A 1990, 'yan gudun hijirar Mozambik da suke zaune a Malawi sun dogara ga garin masara na agaji. Da gyaɗar da ake haɗa musu ta yanke, mutum fiye da 18,000 suka kamu da pelagra a shekarar nan kaɗai.