3.4 Noman Lambu da Adana Kayan Miya a Ƙasar Ngaski Kafin da Bayan Madatsar Kainji

Kamar yadda aka yi bayani a baya, ƙasar Ngaski tana cikin masarautar Yauri ne, a gabashin Tafkin Kainji, kuma Wara ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar. Mazauna wannan yanki sun haɗa da Kambari da Gungawa da Lopawa da kuma Hausawa. Wannan sashe zai dubi yadda noman lambu da adana amfaninsa suka dogara ga lokutan ruwa, da kuma abin da damina mai yawan ruwa kan jawo wa manoma.

Kafin a gina madatsar, Gungawa, wato Reshe, sun shahara da noman albasa a tsibiran Kogin Kwara da gaɓarsa. Da zarar ruwan damina ya ja baya, sai su yi fangali-fangali su dasa, suna ɗibar ruwa da ƙwarya suna ba shuka. Fatake kan sayi albasar a kasuwannin Yauri su kai ta kudancin Nijeriya. Shi kuwa kogin, sau biyu yake cika a shekara. Akwai farin ruwa, wanda ke zuwa da damina daga ƙoramun da ke kusa, sannan akwai baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratso Mali, bai isowa sai da hunturu. Da waɗannan biyun manomi yake auna lokacin dashe da na cira.

An fara ginin madatsar a shekarar 1964, aka kammala a 1968. Tafkin ya cinye tsibirai da fadamu masu yawa, aka tayar da mutane kimanin 44,000 zuwa sababbin garuruwa. Wannan ya sa manoman da suka gaji noman tsibiri suka koma noman tudu, wasu suka kama su, wasu kuma suka riƙa bin bakin tafki suna shuka a inda ruwa ya janye da bazara. Sai dai wannan fili aro ne, domin tafkin kan dawo kansa idan damina ta yi nisa. Daga baya, shirin Fadama na shekarun 1990 ya yaɗa injin ban ruwa, wanda ya rage wahalar ɗiba da hannu.

Dangane da adanawa kuwa, rana ita ce jarin mutanen wannan yanki. Mata kan yanyanka kuɓewa da tumatir su shanya su zama kauɗa, haka ma barkono da tattasai. Lawashin albasa akan daka shi, a dunƙula, a busar, ya zama gabu. Ganyen kuka da rama da yakuwa su ma akan shanya su, 'ya'yan yakuwa kuma a yi daddawar batso da su. Ita albasar kanta akan jera ta a rumfar ciyawa mai shan iska, a jira lokacin da za ta yi tsada. Mafi yawan wannan aiki da rani ake yin sa, domin shi ne guzurin miyar damina.

A nan ne matsalar damina mai yawan ruwa take. Kuɓewa da ganyaye suna yabanya sosai a irin wannan shekara, amma babu ranar da za ta busar da su, don haka shanya kan yi fumfuna kafin ta bushe. Albasar da ke rumfa kan tsira ko ta ruɓe saboda laima, tumatir kuma ya lalace tun a gona. Dabarar mata ita ce su rataye kayan a saman murhu don hayaƙi ya kama su, su kuma fitar da shanya duk lokacin da gari ya washe. A shekarun ambaliya irin su 2012 da 2022, gonakin bakin ruwa a Jihar Kebbi sun nutse, abin da ya bar gidaje da yawa da abin da suka adana kawai.

Bisa ga wannan, za a iya cewa madatsar ta sauya wurin noma da lokacinsa, amma ba ta sauya hanyar adanawa ba. Gidan da ya yi shanya isasshiya da rani shi ne ke cin miya a shekarar ruwa. Sashe na gaba zai dubi cinikin albasa a kasuwannin Yauri da Wara.