Ƙafiya

ƙāfiyā (suna, mace, jam'i ƙafiyoyi, daga Larabci). Harafi ko gaɓar da sha'iri yake lazimta a ƙarshen kowane baiti tun daga basmala har tammat. Malaman zamani sukan ce amsa-amo.

Iri biyu ce: babba, wadda take rufe baitocin ƙasida gaba ɗaya, da ƙarama, wadda take ɗaure ɗangwaye a cikin baiti guda, tana sākewa in an shiga na gaba. Malaman jihadi, da yake ilmin aruli suka sha, sun fi karkata ga ƙwar biyu, wato baiti mai ɗango biyu, sa'an nan na baya ya ɗora ɗango uku a kan baitin magabaci domin neman tabarruki, shi ne tahamisi, kamar yadda Isa ɗan Shehu ya yi wa waƙar Tabban Haƙiƙa. Aliyu Namangi kuwa ƙwar biyar ya zaɓa wa Imfiraji.

Amma makaɗan fada na ƙasar Zamfara da Gobir, irin su Narambaɗa mutumin Tubali, wanda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa kiɗa, ba su ɗaure kansu da wannan sharaɗi ba, domin gindin waƙa da 'yan amshi su ne suke riƙe musu zance. Kuskure ne a auna su da mizanin ƙasida.