Ɗumamen tuwo da yankewar intanet: tarihin wata maƙwabtaka da ta samo asali a 1947

Kwanakin baya ina tsakiyar taro ta bidiyo da abokan aiki, wajen ƙarfe takwas na safe, sai fuskokin mutane suka daskare a allon kwamfuta, muryoyinsu suka riƙa tsinkewa. Bayan kamar minti biyu komai ya koma daidai. Washegari haka ta sake faruwa, kusan a daidai wannan lokaci. Na ɗora laifin a kan kamfanin da nake sayen data a wurinsa, na kashe rauta na sake kunnawa, har na fara tambayar kuɗin sabuwa. Sai a rana ta huɗu na lura cewa duk sa'ad da taron ya tsinke, ƙanwata tana kicin tana ɗumama tuwon jiya a maikirowef, rautar kuwa tana kan firij, taku biyu daga wurin. Ashe zomo nake yi, ina fushi da maratayi na bar makashi.

Wannan karo tsakanin na'urar ɗumama abinci da Wi-Fi yana da tarihi, kuma wanda ya san tarihin zai fahimci rabin matsalolin intanet na cikin gidansa ba tare da ya kira mai gyara ba. Na'urorin biyu suna zaune ne a fili ɗaya na zangon rediyo, kuma a bisa doka mai ɗumama abincin ce mai gida, Wi-Fi ɗan haya ne da ya zo daga baya.

Makamin yaƙi da ya koma murhu

A watan Fabrairun 1940, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, wasu masana kimiyya biyu a Jami'ar Birmingham ta Ingila, John Randall da Harry Boot, suka ƙera wani ƙarfe na tagulla da bai fi a riƙe shi a tafin hannu ba. Sunansa magnetiron, aikinsa kuwa fitar da igiyar rediyo mai gajeren tsayi ainun, da ƙarfin da ba a taɓa samu ba. Da shi na'urar rada ta iya hango jiragen sama da na ruwa cikin dare da hazo. Ingila ba ta da halin ƙera shi da yawa ga bama-bamai na sauka a kanta, don haka a ƙarshen wannan shekarar aka tsallaka da shi Amurka cikin sirri.

Cikin kamfanonin da suka karɓi aikin akwai Raytheon, cikin injiniyoyinsa kuma akwai Percy Spencer, maraya wanda bai gama firamare ba, ya koya wa kansa ilimin lantarki. Shi ya sauƙaƙa hanyar ƙera magnetiron har kamfanin ya riƙa fitar da dubbai a rana. A 1945, yana tsaye kusa da wata rada da ke aiki, ya ji alewar da ke aljihunsa ta narke. Ya kawo ƙwayar masara ya gwada, ta fashe ta zama gugguru. Ya kawo ƙwai, ya tarwatse a fuskar wani abokin aikinsa. A watan Oktoba na wannan shekarar kamfanin ya nemi rajistar mallakar fasahar girki da igiyar rada.

Na'urar farko da aka kai kasuwa a 1947, mai suna Radarange, ta kusa kai tsayin mutum, nauyinta ya haura kilo 300, kuma sai an haɗa mata bututun ruwa don ya sanyaya ta. Gidajen abinci da jiragen ruwa ne suka iya sayenta. Sai a 1967 kamfanin Amana ya fitar da ƙarama wadda za a ɗora a kan kanta a kicin, a kan dala 495.

Filin da aka ware wa masu hayaniya

Duk wanda ya tashi yana jin mahaifinsa yana murɗa rediyo yana neman tasha a gajeren zango, mita 16 ko mita 19, ya san cewa kowace tasha da mazauninta, kuma idan biyu suka haɗu wuri ɗaya ba a jin ko ɗaya. Waɗannan mitoci tsayin igiyar rediyon ne. Igiyar maikirowef ita ma rediyo ce, sai dai tsayinta santimita 12 ne kacal, tana kaɗawa sau biliyan 2.45 a daƙiƙa guda, abin da ake rubutawa gigahaz 2.45.

Matsalar ita ce murhun Spencer ba ya aika saƙo, hayaniya kawai yake yi, kuma mai ƙarfin gaske. Ba shi kaɗai ba ne: akwai injunan asibiti masu gasa jijiya da na masana'antu masu narka roba, duk da igiyar rediyo suke aiki. A taron Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya da aka yi a Atlantic City ta Amurka a 1947, ƙasashe suka amince a keɓe wa irin waɗannan injuna wasu 'yan wurare a zangon rediyo, ciki har da kewayen gigahaz 2.45, inda za su yi hayaniyarsu ba mai hana su. Aka kafa sharaɗi: duk mai sadarwar da ya shigo wannan fili, ya shigo da sanin cewa zai jure abin da ya tarar, ba shi da wurin kai ƙara. Shekaru kusan arba'in ba wanda ya yi sha'awar wurin. Injiniyoyi ma suna kiransa juji.

A watan Mayun 1985 Hukumar Sadarwa ta Amurka ta yanke wani hukunci da bai ja hankalin kowa ba a lokacin. Bisa shawarar wani injiniyanta, Michael Marcus, ta buɗe uku daga cikin waɗannan wurare ga duk mai son yin sadarwa ba tare da lasisi ba, muddin ƙarfin na'urarsa bai wuce wat ɗaya ba, kuma ya yi amfani da dabarar baza saƙo a kan faffaɗan zango, wadda sojoji suka daɗe suna amfani da ita don kauce wa masu toshe musu sadarwa. Dabarar da aka ƙirƙira don jure wa abokin gaba ta dace da jure wa maƙwabci mai hayaniya.

Don a ga girman wannan kyauta, a tuna da abin da ya faru a Najeriya a watan Janairun 2001, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisin wayar salula. MTN da Econet kowannensu ya biya dala miliyan 285. Wanda ya biya irin wannan kuɗi ya sayi fili mai katanga, hukuma kuma za ta kori duk wanda ya kutsa masa. Zangon da rautar gidanka take aiki a kai ba wanda ya biya ko kwabo a kansa, ba shi kuma da katanga.

Daga kantin sayayya zuwa falo

Waɗanda suka fara gini a jujin nan ba su yi tunanin gidaje ba. Injiniyoyin kamfanin NCR a garin Nieuwegein na ƙasar Holan suna neman hanyar haɗa injunan karɓar kuɗi na manyan kantuna ne ba tare da jan waya ba, suka fitar da WaveLAN a farkon shekarun 1990. Ɗaya daga cikinsu, Vic Hayes, ya shugabanci kwamitin ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE da ya yi shekara bakwai yana neman ƙa'ida ɗaya da na'urorin kamfanoni daban-daban za su fahimci juna da ita. A 1997 aka fitar da ƙa'idar, mai lamba 802.11, da saurin megabit 2 a daƙiƙa. A 1999 aka inganta ta zuwa megabit 11.

A watan Yulin wannan shekarar, a birnin New York, Steve Jobs ya ɗauki kwamfutar iBook yana buɗe shafukan intanet yana tafiya a kan dandali, sannan ya zura ta cikin wata ƙawanya don mutane su tabbatar babu waya a jikinta. A shekarar ne kuma masu ƙera na'urorin suka ɗauki wani kamfanin talla, Interbrand, ya raɗa wa fasahar sunan da bakin mutane zai iya furtawa: Wi-Fi. Bluetooth ma, wanda ke haɗa waya da abin sauraro na kunne, a wannan fili ya yi nasa ginin. Haka juji ya koma unguwa mafi cunkoso a duniyar rediyo, mai gidan na asali kuwa yana nan bai tashi ba.

Abin da ke faruwa idan aka danna maɓalli

Maikirowef ta gida tana fitar da ƙarfin wat 700 zuwa 1,000. Rauta tana magana da kimanin kashi ɗaya cikin goma na wat, kuma kafin muryarta ta isa wayarka a ɗaki, abin da ya rage na iya zama kashi ɗaya cikin biliyan. Akwatin ƙarfen na'urar da ragar da ke jikin gilashin ƙofarta suna tsare kusan dukkan igiyar a ciki, saboda ramukan ragar sun yi wa igiya mai santimita 12 ƙanƙanta. Ɗan abin da ke tsiyayowa bai isa ya cutar da mutum ba matuƙar ƙofar lafiyarta lau, amma ga kunnen wayarka ya fi ƙarfin raɗar rauta nesa ba kusa ba.

Ga kuma ladabin da aka gina Wi-Fi a kai: kamar mai hankali a majalisa, yakan saurara tukuna, in ya ji wani yana magana ya dakata. Maikirowef ba ta san wannan ladabi ba. Abin da ke ceton lamarin shi ne galibinsu suna fitar da igiyar ne a rabin kowane zagaye na wutar lantarki, wadda a ƙasashenmu take juyawa sau 50 a daƙiƙa, sai Wi-Fi ya riƙa cusa saƙonsa a 'yan tsakanin. Shi ya sa intanet ɗin ba ya mutuwa ɗungurungum. Mai karanta saƙon WhatsApp ba zai ma lura ba, mai taro ta bidiyo kuwa zai ji a jikinsa.

Kada wani ya ji kunyar faɗawa wannan tarko. A Parkes ta Ostareliya akwai katafaren faifan sauraron sararin samaniya mai faɗin mita 64. Tun daga bayanan 1998 masana suka riƙa ganin wasu baƙin sigina da suka kasa gane asalinsu. Sai a 2015 wata ɗaliba mai neman digirin digirgir, Emily Petroff, da abokan aikinta suka gano cewa maikirowef ɗin ɗakin cin abincin ma'aikata ce: idan mai gaggawa ya buɗe ƙofar kafin na'urar ta tsaya, wani ɗan guntun igiya kan kuɓuce. Abin da ya taimaka wajen tona asirin har da yawan aukuwar siginar a lokacin abincin rana.

Darasin da ke cikin malmala

Tunda igiyar iri ɗaya ce, abin da ka sani game da ɗumame zai koya maka halin Wi-Fi. Maikirowef tana zafafa abinci ne ta hanyar jujjuya ƙwayoyin ruwan da ke cikinsa, kuma ba ta ratsa shi fiye da 'yan santimita kaɗan. Saboda haka malmalar tuwo guda takan ƙone baki a gefe, cikinta kuwa da sanyi. Maganin shi ne a yanka ta gida huɗu, a yayyafa ruwa kaɗan, a rufe, in an kashe a bar ta minti ɗaya zafin ya ratsa, miyar kuka kuma a tsaya a juya ta a tsakiyar lokaci. Ruwan nan da ke shanye igiyar a cikin tuwo shi ke shanye Wi-Fi a gida. Durom ɗin ruwa a lungu, jarkoki a jere a baranda, har jikin mutane idan falo ya cika da baƙi, duk suna rage masa ƙarfi.

Faifan da ke juyawa a cikin na'urar ma da dalilinsa. Igiyar tana karo da bangon ƙarfe ta dawo ta haɗu da 'yar'uwarta, a wani wuri su ƙarfafa juna, a wani su kashe juna, tazarar wuri mai zafi da na gaba kimanin santimita 6. Ɗakinka ma haka yake ga Wi-Fi, musamman ga gidajenmu na bulo da rodi da ƙofofin ƙarfe da rufin kwano. Gusar da rauta da taƙi ɗaya kan iya gyara abin da aka yi wata ana ƙorafi a kai.

Daga nan sauran gyaran a bayyane yake. A fitar da rauta daga kicin, a ɗaga ta sama a tsakiyar gida, nesa da firij da bayan talabijin. Idan tana da zangon gigahaz 5, wanda ya zama ruwan dare tun bayan ƙa'idar 2009, a mayar da kwamfutar aiki can: maikirowef ba ta kai wa wurin, ko da yake wannan zango bai kai na 2.4 iya ratsa bango ba. Idan dole a zauna a 2.4, tashoshi uku ne ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma hayaniyar maikirowef galibi ta fi taɓa na sama, don haka a fara gwada ta 1. Kafin a kira kamfani kuwa, a haɗa kwamfuta da rauta ta waya, ko a tsaya dab da ita a gwada. In intanet ya yi kyau a nan, matsalar tana tsakanin bangon gidanka ne, sabuwar data ba za ta magance ta ba.

Hukumomi sun ga amfanin filin da ba shi da katanga, har a 2020 Amurka ta sake buɗe wani babban yanki a gigahaz 6 ba tare da lasisi ba. Sai dai sharaɗin 1947 yana nan a tsohon filin, kuma mafi yawan ƙananan na'urorin da ke gidajenmu a can suke zaune. Ni dai na sauke rautar daga kan firij na rataye ta a bangon falo. Ƙanwata tana ɗumamenta ƙarfe takwas kamar yadda ta saba, taron kuma bai sake tsinkewa ba.