Dutsen da Ya Tsiro a Gonar Masara

Ya kai mai karatu, ka taɓa jin dutse ya tsiro a gona kamar shuka? To, an yi haka a ƙasar Meksik.

Ran 20 ga Fabrairu 1943, wani manomi mai suna Diyonisiyo Pulido yana aiki a gonarsa ta masara, kusa da ƙauyen Parikutin. Sai ƙasa ta tsage. Hayaƙi da toka suka yi ta fitowa. Kashegari akwai tudu a wurin. Dutsen bai daina aman wuta ba sai 1952, tsayinsa ya kai metir 424.

Me ya kawo haka? Can ƙarƙashin ƙasa akwai zafi mai narkar da dutse. Narkakken dutsen nan yana neman hanya. In ya samu tsaga sai ya fito, ya huce, ya daskare. Da haka tudu yake girma.

Duwatsu masu aman wuta manyan iri uku ne. Dubi tukunya bisa murhu, za ka gane.

In narkakken dutse ya yi ruwa-ruwa kamar kunu, malala yake yi ya tafi nesa. Dutsen sai ya yi faɗi kamar ƙwarya a kife. Emi Kusi na arewacin Cadi irin wannan ne.

In ya yi kauri kamar tuwo, yakan toshe hanya. Iska mai zafi ta taru a ciki, sai ya fashe da ƙarfi. Wannan ya fi kisa. A shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa, dutsen Besub na Italiya ya binne birnin Pompeyi da toka.

Na uku shi ne ƙaraminsu. Tsakuwa mai wuta yake watsawa sama, ta faɗo ta taru a bakin ramin, kamar gidan tururuwa. Parikutin irinsa ne.

Ina labarin mutanen wurin? Ƙauyuka biyu sun nutse cikin narkakken dutse, hasumiyar coci ce ta rage a tsaye. Gonaki sun salwanta. Amma wutar a hankali take tafiya. Mutane suka kwashe iyali da kaya suka tashi, ba ta ci ko mutum guda ba.

Barin gonar gado da wuya. Amma gona ana sake samu, rai kuwa guda ne.