Caochán: Sunan Dabbar Da Babu Ita a Ƙasar Masu Sunan

Caochán kalma ce ta harshen Airish, wato harshen asali na tsibirin Ayalan. Ana furta ta kusan "kikhan". Ita ce sunan wata 'yar dabba mai kama da jaba, baƙa mai laushin gashi, wadda ke haƙa hanyoyi a ƙarƙashin ƙasa tana farautar tana. Da Ingilishi ana ce mata mole, masana kimiyya kuwa suna kiranta Talpa europaea.

Tushen kalmar shi ne caoch, ma'ana makaho. An liƙa masa ɗafin -án, wanda ke nuna ƙanƙanta, sai ma'anar ta zama "ɗan makaho". A tsohon Airish ana rubuta tushen da cáech, kuma yana nufin mai ido ɗaya ko makaho. Dangi ne ga kalmar Latin caecus, wadda ita ma ke nufin makaho, domin harsunan biyu sun fito daga tsatso guda. Har yau Airishawa kan yi amfani da caoch ga abin da ba shi da komai a ciki, kamar ƙwallon ɗan itace da aka fasa aka tarar fanko ne.

Sai dai sunan ya ɗan zarce gaskiya. Dabbar tana da idanu ƙanana ƙwarai da gashi ya rufe, kuma tana bambance haske da duhu.

Abin mamaki shi ne babu wannan dabba a Ayalan, duk da yawanta a maƙwabciyarta Birtaniya. Bayan ƙarewar zamanin ƙanƙara na ƙarshe, kimanin shekaru 11,700 da suka wuce, teku ya riga ya raba tsibirin da sauran ƙasa kafin ta isa can. Wannan dalili ne kuma ya hana macizai zama a tsibirin.

Akwai wurin da mai fassara zai iya tuntuɓe. A Ingilishi, mole yana kuma nufin ɗigon baƙi a fatar mutum, wanda Hausawa ke kira tawadar Allah. Airish bai haɗa su ba: wannan ɗigon sunansa ball dobhráin, wato "tabon karen ruwa". Wanda ya sa caochán a gurbinsa ya ɗora wa mutum dabba a kumatu.